Ruwan Toka a Kwarin Hunza

Kofin ruwan farko da aka miƙo mini a Karimabad, wani gari a kwarin Hunza da ke arewacin Fakistan, sai da na dube shi, na sake dubawa, sannan na ɗaga kai na dubi yaron da ya kawo. Ruwan kamar an dama toka a ciki, in ka karkata kofin wajen haske kuma sai ka ga wasu 'yan ƙwayoyi suna ƙyalli. Ƙanena, wanda muka yi tafiyar tare, ya sunkuyo ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Yaya, ko dai mu nemi na gora?" Yaron bai ji Hausa ba, amma ya karanci fuskokinmu. Ya yi dariya, ya ja ni bakin taga, ya nuna mini wani baƙin tsagi a bayan gari inda tsauni ya rabe biyu. Daga can ruwan yake fitowa, in ji shi, daga ƙanƙarar Ultar, wato tulin ƙanƙarar da ke kwance bisa tsaunin tana narkewa a hankali, kuma shi kakanninsa suka sha.

Na kurɓa don kunya. Sanyinsa ya ratsa mini haƙori. Sauran kwanakin dai na gora muka sha, don cikin baƙo ba na ɗan gari ba ne. Amma wannan kofin ya bi ni har ƙarshen tafiyar, domin duk abin da na gani a kwarin nan, mai daɗi da mai ban tsoro, daga ruwan nan ya taso.

Da mota muka shigo, a watan Yuli. Jirgin Islamabad zuwa Gilgit tafiyar kamar awa ɗaya ce, sai dai tsakanin tsaunuka yake bi, da zarar hadari ya rufe sai a fasa tashi, kuma an fasa namu. Muka bi ta Naran, muka haura mashigar Babusar mai tsayin mita 4,173, inda muka riƙa rawar ɗari, muka gangaro Chilas inda zafi ya kusa gasa mu, duk a wuni ɗaya. Daga nan hanyar Karakoram ta ɗauke mu gefen kogin Indus. Ban taɓa ganin ƙasa tsirara irin wannan ba: dutse, tsakuwa, ƙura, babu ko ciyawar da akuya za ta ɗanɗana. Kusa da Jaglot direba ya tsaya ya nuna mana inda kogin Gilgit ke faɗawa Indus, inda kuma manyan jerin tsaunuka uku suka haɗu, Himalaya da Karakoram da Hindu Kush. Ni dai a idona duk dutse ne, na gyaɗa kai kawai. Abin da ya fi tsaya mini shi ne makabartar 'yan Sin da ke Danyor, ta ma'aikatan da suka mutu wajen fasa wannan hanya da aka kammala a 1979. 'Yan Fakistan da suka rasu a aikin sun haura 800.

A Danyor ɗin ne kogin Hunza ke zuwa ya haɗu da na Gilgit, kuma daga nan zuwa Karimabad kimanin kilomita 100 ne, kullum kogin yana gefenka. Wajen Chalt akwai allo a bakin hanya da ke cewa nan ne ɓawon ƙasar Indiya ya yi karo da na Asiya, shekaru wajen miliyan 50 da suka wuce. Karon bai ƙare ba. Har yau Indiya tana tunkuɗowa arewa, tsaunukan suna ƙara tashi, kogi kuma yana ƙara yankawa ƙasa. Shi ya sa kwarin yake da zurfi da ƙunci, shi ya sa kuma gefensa ba ya zama lafiya. Direbanmu idonsa ɗaya a kwalta, ɗaya a sama.

Sai muka sha wata kwana a Ghulmet, tsaunin Rakaposhi ya bayyana. Mita 7,788. Lambar ba ta gaya wa mutum komai sai ya tsaya a gindinsa, domin daga bakin kogi zuwa ƙololuwa kusan mita 6,000 ne a miƙe, babu wani tudu da ya shiga tsakani ya rage masa kwarjini. Sai da hulata ta faɗi garin ɗaga kai. Turawan Birtaniya biyu, Mike Banks da Tom Patey, su suka fara taka samansa a 1958. Ƙanena ya ce, "Me suka je nema?" Ban amsa ba, don a lokacin ni ma tambayar nake yi.

Ga abin da ya ɗaure mini kai a kwana biyun farko. Kogin Hunza babba ne, mai ƙarfi, launin ƙasa-ƙasa, rurinsa ba ya yankewa dare da rana. Amma gonakin Karimabad da Altit da Ganish, yawancinsu ba daga shi suke sha ba. Ya yanka ƙasa ya nutse can cikin kwazazzabo, gonakin kuwa suna bisa, a kan faffaɗan tudun da tsohuwar ƙanƙara da ambaliya suka tara. Ruwa ba ya hawa tudu. Sama kuma ba ta bayarwa: ruwan saman da ke sauka a tsakiyar kwarin bai kai milimita 200 ba a shekara, domin tsaunuka sun tare damina tun daga kudu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa kenan. To, ina wannan kore shar ya fito, da alkama da dankali, da itatuwan afirikot da ceri da tuffa, da dogayen itatuwan fofla sirara da suka jeru kamar masu?

Amsar tana jikin dutse. In ka tsaya a Duikar da sassafe, inda 'yan yawon buɗe ido ke hawa kallon fitowar rana, ka bar kallon ƙololuwa ka dubi ƙirjin tsaunin, za ka ga wasu siraran layuka a kwance, kamar an ja su da alƙalami. Duk abin da ke saman layin toka ne, duk abin da ke ƙasansa kore ne. Layukan nan magudanan ruwa ne da mutane suka sassaƙa da hannu, suka tare ruwan tun daga bakin ƙanƙara, suka zagaya da shi ta jikin bangon dutse a hankali, da ɗan gangare kaɗan, har ya iso saman gonaki. Inda dutse ya ƙi sassaƙuwa sai su gina bango da duwatsu su jingina shi a jiki. Wasu magudanan an yi su ne tun zamanin sarakunan Hunza, lokacin da ƙarfe ma wahalar samu yake.

Mun bi ɗaya daga cikinsu da ƙafa wata yamma, kuma in za a tambaye ni abin da ya fi daɗi a Hunza, wannan zan ce, ba hawan tsauni ba. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, ruwa na gudu a damanka, gari na kwance a hagunka, mata sun shanya afirikot a kan rufin soraye har rufin ya koma ruwan goro. Muka tarar da wani dattijo tsugune, ya cire wani faifan dutse daga bakin wata 'yar kafa, ya toshe ta gaba da tsumma da laka. Nan take ruwa ya juya ya nufi gonarsa. Na gaishe shi, jagoranmu yana fassara. Na ce, "Baba, kowa ke buɗewa lokacin da ya ga dama?" Ya girgiza kai kamar na yi saɓo. Ruwa da juyi yake, unguwa-unguwa, gida-gida, akwai masu tsaronsa, wanda juyinsa ya faɗo cikin dare kuwa da fitila zai fito. Kafin shuka kowace shekara kowane gida sai ya ba da mutum a je a yashe magudana, a gyara inda dutse ya fasa. Ya ɗebo lakar da hannu ya nuna mini: ita ce tokar da na gani a kofi. Ƙanƙara ce ke niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta yayin da take jan ciki, ta mai da shi gari mai laushin da ba ya saurin kwantawa. Garin nan, da taki, shi ya zama ƙasar da suke nomawa a kan gonakinsu masu hawa-hawa kamar matakala.

Jagoran ya ƙara mini da wani abu da na ɗauka wasa ne. A yankin Gilgit-Baltistan akwai tsohuwar al'adar aurar da ƙanƙara: a saro gutsuren baƙa mai tsakuwa, wadda suke kira namiji, da gutsuren fara, mace, a kai su wani lungu mai inuwa can bisa, a rufe da gawayi da ƙaiƙayi, a bar su shekaru su haifi sabuwa. Wanda ransa ke rataye da abu, ba abin mamaki ba ne ya yi masa dangi.

Fadar Baltit, mai shekaru kusan 700, tana zaune daidai bakin tsagin Ultar, kuma bayan na ga magudanan sai na fahimci wurin da aka zaɓa mata: mai fada yana zaune a kan maƙogwaron ruwa. Gidauniyar Aga Khan ta gyara ta, aka buɗe ta gidan tarihi a 1996. Sarautar kanta firaministan Fakistan na lokacin, Zulfikar Ali Bhutto, ya soke ta a 1974. Mun zagaya ɗakunanta masu gajerun ƙofofi, mun fito. Ta bayanta hanyar Ultar ta tashi.

Da asuba muka kama hanyar, don jagoran ya dage. Na ɗauka gudun rana yake. Karimabad tana kusan mita 2,500, makiyayar Ultar kuma sama da 3,200, amma ba tsayin ne matsala ba, ƙasar ce. Tsakuwa ce mai gudu a ƙarƙashin ƙafa, da manyan duwatsun da ƙanƙara ta yar, ga bango a dama ga bango a hagu, rana ba ta leƙowa sai hantsi. A wani wuri hanyar ta bi gefen magudana, faɗinta bai fi tafin ƙafa biyu ba, ƙasa kuwa ba a magana. Jagoran ya ce kada mu tsaya hutawa a inda muka ga sabbin duwatsu masu farin goshi, alamar kwanan nan suka faɗo. Numfashina ya riƙa yankewa, kowane taki ashirin sai na dafa gwiwa. Ƙanena, da ya raina tafiyar tun a masauki, ya daina magana ɗungurungum, abin da ban taɓa gani ba tun yana yaro.

Awa huɗu muka yi. Sai kwazazzabon ya buɗe, ga ciyawa, ga bukkokin makiyaya na dutse, ga awaki. A hagu wani tsinin dutse ya soki sama, sumul, ko dusar ƙanƙara ba ta iya zama a jikinsa, shi ne Bublimotin, mita 6,000. A gaba kuma Ultar Sar, mita 7,388, ƙanƙara ta zubo daga kafaɗarsa a farfashe kamar an kifar da tulin farin dutse. Muna zaune sai muka ji tsawa, alhali sama garau. Wani ɓangare ne ya ɓalle can bisa, ya gangaro da farin hayaƙi, sai da ya gama faɗuwa sannan sauran ƙarar ta iso mu. Makiyayin da ke kusa da mu ko waiwaye bai yi ba. Wannan tsaunin ya daɗe yana korar mahaya. Ya ci ran fitaccen ɗan Jafan, Tsuneo Hasegawa, a 1991, kuma ba a taɓa taka ƙololuwarsa ba sai 1996, 'yan Jafan ɗin dai. Akwai makaranta a Karimabad da ke ɗauke da sunan Hasegawa, mun ga yaranta da kayan makaranta suna gangarowa da yamma.

A dawowa na gane dalilin asubancin. Wata 'yar ƙorama da muka tsallake da safe ba tare da jiƙa takalmi ba, bayan azahar ta zama wani abu dabam, ta kumbura, ta yi baƙi, ana jin duwatsu suna gwaruwa a cikinta. Rana ce ta taɓa ƙanƙara. A nan ruwa yana da agogo: ya ragu da asuba, ya cika da la'asar, kuma rana mafi zafi ita ce ranar ambaliya, ba ranar hadari ba. Sai da jagoran ya haura da mu sama ya sami inda za a iya tsallakawa, ya miƙo mini sanda yana cewa, "Yallaɓai, kada ka dubi ruwan, dubi dutsen da za ka taka."

Kwana biyu cinyoyina suna mini tsiya, don haka muka nemi abin da ake yi a zaune. Muka nufi Attabad.

Kowa ya ga hoton Hunza ya ga tafkin nan. Shuɗi ne mai ratsin kore, irin wanda in ka gani a waya sai ka ce an ƙara masa kala. Ba a ƙara ba. Ruwan tokar nan ne dai: da kogi ya tsaya cik, sai tsakuwa da yashi suka kwanta, garin dutse mafi laushi ya rage yana yawo, shi ke mayar da hasken rana da wannan launi. Bakin tafkin cike yake da jiragen ruwa masu fenti, da baburan ruwa, da otal-otal, da iyalai daga Lahore da Karachi suna ɗaukar hoto sanye da rigunan kariya masu ruwan lemo.

Kafin ranar 4 ga Janairun 2010 babu tafki a nan. Ran nan gefen tsauni ya zaftaro, ya haɗa da wani ɓangare na ƙauyen Attabad, mutum 20 suka mutu, ya kuma toshe kogin Hunza gaba ɗaya. Ruwa ya riƙa taruwa a baya kusan wata biyar, mutane suna kallo yana hawa gonakinsu taki-taki, kafin ya sami mafita ta saman tulin a ƙarshen watan Mayu. Ya kai tsawon kilomita 21, zurfinsa ya haura mita 100. Ya haɗiye ƙauyen Ainabad, ya ci sassan Shishkat da Gulmit, ya nutsar da kusan kilomita 20 na hanyar Karakoram. Mutum wajen 6,000 suka rasa matsuguni, wasu dubbai a sama suka yanke daga sauran ƙasar. Shekara biyar duk abin da zai wuce, mutum ne, buhun dankali ne, mota ce, sai an ɗora shi a jirgin ruwa, har aka buɗe sabuwar hanya mai ramuka biyar a cikin dutse a watan Satumban 2015.

Mai jirgin da ya ɗauke mu ɗan Shishkat ne. Da muka kai tsakiya ya rage inji, ya nuna ruwa da haɓa, ya ce gonar mahaifinsa tana nan ƙasa, da itatuwanta. Ba da kuka ya faɗa ba, kamar mai nuna wa baƙo gidan maƙwabci. Da noma ya tashi, yanzu tuƙi yake ci da shi. Na rasa abin cewa sai "Allah ya mayar da alheri." Ƙanena ya sauke wayarsa, can kuma ya sake ɗagawa, don wurin yana da kyau, ƙarya ne a ce babu. Ni ma na ɗauka. Baburan ruwan ne kawai suka tsaya mini a rai, da ihunsu da zagayensu a saman gidajen mutane, ko da yake na san su ma wani ne ke ciyar da iyali da su.

Daga tafkin zuwa sama sunan yankin Gojal, harshe ma ya sauya. A Karimabad Burushaski ake yi, harshen da masana ba su samo masa ɗan'uwa ba a duniya, a nan kuwa Wakhi ne, dangin Farisanci. Kwarin ya buɗe, kogin ya bazu a kan yashi ya rarrabu kamar kitso, iska kuma ba ta hutawa. A Hussaini akwai gadar lilo: igiyoyin ƙarfe, da guntayen katako jefi-jefi, tsakanin wannan da wancan sai ka ga kogi yana gudu ƙarƙashinka. Ga baƙi abin gwada jarunta ce, har da layi. Ga mutanen ƙauyen hanyar gona ce, zuwa Zarabad a tsallake. Na kai kamar kashi ɗaya cikin uku, iska ta kaɗa, gadar ta yi lilo, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Ina maƙale da igiya hannu bibbiyu sai ga wata tsohuwa tafe daga tsallake da damin ciyawa a baya. Na manne gefe na ba ta hanya. Ta wuce, ta ce mini wani abu da Wakhi, waɗanda ke bakin gada suka fashe da dariya. Jagoran ya ƙi fassarawa, ya ce addu'a ce. Ƙanena dai ya ƙetare ya dawo, kuma bai bar ni na manta ba.

Mun hau ta tafkin Borith muka leƙa ƙanƙarar Passu, fara fat, a tsattsage, tana ta ƙara daga ciki kamar ana taka busasshen kara. A bayanta ƙanƙarar Batura take, mai tsawon kilomita 57, masu ƙarfin gwiwa kan yi kwanaki suna bin gefenta da tanti. Da yamma rana ta faɗa kan Tupopdan, tsaunin nan mai tsinaye kamar haƙoran zarto, mita 6,106, ya yi ja. Washegari muka kai mashigar Khunjerab a iyakar Sin, mita 4,693. Ciwon kai na samo a can, da hoton wata babbar ƙofa. Damisar ƙanƙara da ake faɗa tana dajin, amma a allon bakin hanya kaɗai muka gan ta.

A hanyar komawa na sa direba ya tsaya a Hasanabad, 'yar tafiya kaɗan daga Karimabad, inda muka wuce da zuwa ban kula ba. Can sama ƙanƙarar Shisper ta yi wani yunƙuri a 2018, ta zabura ta gangaro da sauri, ta tare ruwan maƙwabciyarta, tafki ya taru a bayanta. Ƙanƙarar Karakoram na da wannan hali, wasu sukan yi shekaru a kwance sannan su zabura. A watan Mayun 2022, cikin wani matsanancin zafi da ya zo da wuri, tafkin ya ɓalle, ya karya gadar Hasanabad ta kan hanyar Karakoram, ya tafi da gidaje. Har yanzu ana ganin inda ruwan ya gatsi gaɓa, gonaki sun tsaya a bakin rami, wasu itatuwa saiwarsu a waje. Ƙoramar da ta yi wannan aika-aika tana nan tana gudu a ƙasa, launin toka, ba ta fi a jefa dutse a tsallake ta ba. Daga ita ɗin kuma, can sama, wata magudana ta fita ta nufi gonaki.

Daren ƙarshe barci ya ƙi zuwa, na fito barandar masauki wajen ƙarfe biyu. Rakaposhi yana tsaye fari cikin farin wata, kogi yana ruri can ƙasa. A gonar da ke ƙarƙashin masaukin wata 'yar fitila tana motsi. Na tsaya ina kallo har mai ita ya tsuguna, na ji ƙarar dutse ya gogi dutse, sai kuma sautin ruwa ya sauya, ya bar hanyarsa ya shiga cikin dankali.